Harshen Burauza da Sawun Mai Bincike

Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, in ya buɗe shafin intanet, yakan bar sawu iri biyu. Na farko shi ne kukis, ƙananan bayanai da kamfanonin talla ke ajiyewa a na'urarsa domin su bi shi shafi-shafi. Firefox ta fara toshe su kai tsaye a 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020. Na biyu kuwa kamannin na'urar ne: girman allo, nau'in haruffa da harshen da aka zaɓa. Da yake masu saita Hausa kaɗan ne, wannan zaɓi yakan sauƙaƙa gane mutum, ko da ya goge kukis. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, amma tsananta tsaron burauza aikin mai na'ura ne.