Darasi: Yaron Riƙo da Kuɗin Asibiti

Da wuya a sami gida a ƙauyukanmu na Ikara da Makarfi da Kudan wanda babu yaron riƙo a cikinsa. Uba ya rasu, baffa ya ɗauki yaran. Uwa ta rasu, goggo ta goya jaririn. Haka muka tarar, ba kuwa a rubuta takarda. Wasiƙar Yaƙubu ma ta sa kula da marayu cikin ainihin ibada. Amma ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron ana tsakiyar damina, ga rake bai kai sara ba, rumbu kuma ya yi ƙasa, wane ne zai biya kuɗin magani?

A Amurka, yaron da hukuma ta danƙa wa wani gida yana zuwa da kuɗin wata-wata, da kuma inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicaid. Tun 2014 wanda ya cika shekara 18 yana hannun riƙo yakan ci gaba da samun magani har ya kai 26. A nan ƙasarmu babu albashin da aka yanka wa mai riƙo. Naira 5,000 a wata da Gwamnatin Tarayya ta soma rabawa wajen 2017, gidajen matalauta da ke cikin rajista aka ba, ba don maraicin yaro ba.

Duk da haka akwai ƙofa, sai dai yawancinmu ba mu san ta ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. A 2018 Jihar Kaduna ta yi dokar da ta kafa hukumar KADCHMA, wadda ke yi wa mutane rajistar inshora, har da marasa ƙarfi da ake biya musu daga wannan asusu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuwa ta lissafa masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tsofaffi, naƙasassu, da matalauta.

Mu lura da kyau a nan. Maraya ɗan shekara 3 ya shiga ta hanyar shekarunsa. Maraya ɗan shekara 9 fa? Sai dai a lissafa shi cikin matalauta, wannan kuwa sai an san da zamansa a gidan. Ga inda al'adarmu take cutar yaron ba da nufi ba. Mai gida yakan kawo sunayen 'ya'yan cikinsa, ya bar na ƙanensa marigayi, wani don mantuwa, wani don kunya kada a ce ya kasa riƙon zumunci. Kunyar nan ba ta sayen ko ƙwayar magani ɗaya. Gaskiya ne gurbin ba ya isar kowa, wani lokaci kuma a je asibitin a tarar maganin ya ƙare, amma wanda babu sunansa ko layin bai shiga ba.

Saboda haka muna roƙon katikis da shugabannin zumuntar mata na kowace majami'a su zauna su rubuta yaran riƙon da ke cikinsu, da shekarunsu, da sunan mai riƙo. Wanda ba shi da takardar haihuwa, a nema masa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin baftisma yana da nasa amfani, amma ba ya tsayawa a madadinta. Daga nan mai riƙo ya tafi da yaron asibitin matakin farko na gundumarsa, ya tambayi lokacin rajista. In kuma akwai gardama kan wanda ya kamata ya riƙe yaron, ko kan gonar da mahaifinsa ya bari, a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, tun yaron yana da lafiyarsa.