Idan Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Ya Yi Shiru: Shawarwari Bakwai Ga Mutanen Gida

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan hawan jini ya kayar da mutum ya shanye masa ɓarin jiki, hankalin gida yakan koma kan hannu da ƙafa: yaushe zai miƙe? Abin da ake mantawa shi ne ciwon a ƙwaƙwalwa ya auku. Likitoci sun gano cewa kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo yana faɗawa ciwon damuwa, wasu kuma zuciyarsu ta mutu ga komai. Ga abin da ya kamata 'yan gida su yi.

1. Ku daina kiran abin ƙyuya. Manomin da ya saba sammako zuwa gonar masara, yanzu sai ya wuni a tabarma, bai tambayi abinci ba, bai tambayi taki ba, ko jikansa ya shigo bai ɗaga kai ba. Sau da yawa sashen ƙwaƙwalwar da ke zaburar da mutum ya fara abu ne ya taɓu. Faɗa da gori ba sa gyara wannan, sai dai su ƙara masa nauyi.

2. Ku bambanta mutuwar zuciya da baƙin ciki. Mai mutuwar zuciya ba ya murna, ba ya kuka, komai ɗaya ne a wurinsa. Mai ciwon damuwa kuwa yana jin zafin halin da yake ciki: barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, yana zargin kansa. Idan wannan ya wuce mako 2, a kai shi asibiti. Wanda ciwon ya taɓa wa harshe ba zai iya faɗa ba, don haka ku lura da fuskarsa da kwanon abincinsa.

3. Ku ɗauki maganarsa da gaske. "Na zame muku kaya." "Gara in tafi ku huta." Idan kun ji irin wannan, ko ya fara ƙin magani, ko ya shiga rabon kayansa ba gaira ba dalili, kada a ce zafin ciwo ne. Wanda ya fi yarda da shi ya zauna kusa, ya ce: "Baba, na ga ranka a ɓace. Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum, ƙofa take buɗe masa. Idan ya amsa, a saurara tukuna, kada a tare shi da wa'azin wuta.

4. Ku kawar da abin haɗari. Ƙasar noma ce, kusan kowane gida akwai maganin feshi da na ɓera da na adana hatsi. Ga bindigogi kuma da rashin tsaro ya sa aka ajiye a gidaje. A kulle su nesa da ɗakinsa, magungunansa kuma mutum ɗaya ya riƙe, yana ba shi na lokaci kawai. Ranar da abin ya tsananta, kada a bar shi shi kaɗai, a nufi asibiti a ranar.

5. Ku mayar masa da matsayinsa. Ciwo bai tuɓe masa rawani ba. A nemi shawararsa kafin a kai buhu kasuwar Sheme, a fito da shi zaure ko ƙofar gida bayan la'asar, a tallafe shi zuwa masallaci idan zai iya. Idan uwa ce, a ce: "Inna, ɗanɗana mana miyar nan." Kada a tambaye shi ko yana so, don mai mutuwar zuciya "a'a" zai ce. A tsara ƙaramin aiki kullum a lokaci guda, a yi tare da shi.

6. Addu'a da asibiti su tafi tare. Ruƙiyya da tofi ba su hana shan maganin hawan jini da zuwa gashi ba. A fara da babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, a gaya wa likita halin zuciyarsa, ba na ƙafa kaɗai ba. Idan ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na tarayya a Katsina, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada a yar da shi a kwana 5. Tunda hanya ba kullum take da lafiya ba, a karɓo sabon magani kafin na hannu ya ƙare.

7. Ku tuna da mai jinya. Galibi mace ɗaya ce ke wanka da wanki da juya shi cikin dare, ga girki ga yara. Idan ta gaji ta yi tsaki, shi ne zai ji, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ya zama kaya. 'Ya'ya da 'yan'uwa su raba kwanaki, na birni su aiko da kuɗin magani a kan lokaci. A tambaye ta ita ma: "Yaya ƙarfin jikinki?" Sannan a tsaya a ji amsar.