Bushewar fenti daban, kamawarsa daban

Ƙorafin da ya fi zuwa mana, mu masu haɗa fenti, shi ne: "Na jingina da bango, rigata ta yi fari." Akasari sai a ɗora wa mai shafawa laifi, alhali sau da yawa tun daga cikin bokiti matsalar ta taso.

Fentin ruwa, wanda aka fi sani da emolshan, ba launi da ruwa kaɗai ba ne. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin roba da ido ba ya gani, su ne danƙon da ke riƙe launi da garin kalsiyam a jikin bango. Idan ruwa ya tashi, ƙwayoyin nan sai su matsu, su lanƙwashe, su narke cikin juna su zama fata guda. Amma sai suna da laushi hakan ke yiwuwa. Ɗanyar shinkafa ko ka dunƙule ta warwatsewa za ta yi, sai ta nuna take tuƙuwa ta zama tuwo.

Aikin sinadarin da muke kira Texanol ke nan, wanda kamfanin Eastman na Amurka ke yi. Shi ke shiga ƙwayoyin ya tausasa su har su haɗe. Ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 250, don haka ruwa ke riga shi tashi, shi kuma ya fice sannu a hankali cikin kwanaki, fatar ta yi ƙarfi a bayansa. Shi ya sa muke hana wanke sabon bango sai bayan mako biyu zuwa huɗu, ko da hannu ya ji ya bushe.

Kowane danƙo yana da iyakar sanyin da in an wuce ta ba ya haɗewa. Wasu nau'o'in danƙon akirilik suna buƙatar kusan digiri 20 in ba a taimaka musu ba. To ka tuna asubar hunturu a Jos ko Zariya: bango ya yi sanyi, busasshiyar iska kuma tana kwashe ruwan cikin gaggawa. Fenti zai bushe, ya yi kyau a ido, amma ka goga yatsa sai gari, wani wurin kuma ya yi ƙananan tsagu.

Ga 'yan'uwa masu haɗawa a shago: na san sinadarin da tsada, amma ɗan kaɗan ake sawa, kuma da yawan danƙo ake auna shi, ba da girman duro ba. A zuba a hankali ana juyawa, don in an kwara shi lokaci guda danƙon kan yi gudaji. Cika shi ma ɓarna ce, fenti ya daɗe yana danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa. Kuma ba ya gyara fentin da aka cika wa kalsiyam aka rage wa danƙo. Wannan ha'inci ne, babu sinadarin da ke rufe shi.

Mai gida, kafin ka sayi bokiti goma, sayi ɗaya. Shafa a gefen bango da hantsi, kada a tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokitin. Bayan mako biyu ka goga jiƙaƙƙen tsumma. In launi ya biyo tsumman, nemi wani fentin.