Kula da 'Yan Tumaki Tun Daga Ranar Haihuwa

Da wuya a shiga gida a ƙauyukanmu ba a ga tunkiya a turke ba, ko ta maigida, ko ta uwargida. Amma in muka ƙidaya 'ya'yan da tumakinmu su ke haifa, sa'an nan muka ƙidaya waɗanda suka kai yaye, za mu ga akwai hasara. Yawancin masu mutuwa a cikin kwanakin farko su ke mutuwa. Yunwa da sanyi da ƙazanta su ne ke kashe su.

Tunkiya ta kan yi wata 5 da ciki, watau wajen kwana 150. In mun ga rago ya bi ta, mu rubuta ranar, don kada haihuwa ta zo mana ba shiri. A cikin mako 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma a ciki. Lokacin nan ne za mu ƙara mata dusa da harawa, da ɗan gishiri ko kanwa. Tunkiyar da ta haihu a rame ba ta da nono, ɗanta kuwa ba shi da ƙarfin tashi.

Mu share mata wuri busasshe, inda iska ba ta bugawa, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In ta haihu, mu duba hancin ɗan da bakinsa. In akwai yauƙi, mu share da tsumma mai tsabta, mu ja da baya. Uwar za ta lashe shi. Lasar nan tana busar da shi, kuma da ita ce uwa ta ke gane warin ɗanta. In yara suka yi ta ɗaukarsa suna wasa da shi, wata uwar sai ta ƙi shi.

To, ga babban abu. Nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi ne dakashi. Ɗan tunkiya ya kan zo duniya ba shi da makamin yaƙi da cuta a jininsa. A cikin dakashi ya ke samunsa. Amma hanjinsa ba ya karɓar wannan makami sai a ranar farko kaɗai, kuma sa'a 6 na fari sun fi kowane lokaci. In kwana ya yi, ƙofa ta rufe. Saboda haka, in sa'a biyu ta wuce bai sha ba, kada mu ce a bar shi ya huta. Mu riƙe uwar, mu tatsa kaɗan don kan nonon ya buɗe, mu sa masa a baki. In 'yan biyu ne, mu lura da ƙaramin, gama babban ya kan ture shi. Yaya za mu san ya sha? Mu taɓa cikinsa. Wanda ya ƙoshi cikinsa a cike, bakinsa da ɗumi. Wanda ya tsaya a takure yana kuka, bakinsa da sanyi, yunwa ce, ko da mun gan shi a gindin uwa.

Cibiya kuma ƙofar cuta ce. Mu tsoma ta cikin aidin tun tana ɗanya. Kada mu shafa mata ƙasa ko kashin shanu. Cuta in ta shiga ta nan, sai gwiwoyi su kumbura, ko ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle haƙora, wanda likitoci ke kira tetanas.

In uwa ta mutu, mu tatsa masa dakashin wata tunkiya ko akuya da ta haihu a ranar. Bayan haka a ba shi madara da ɗumi a kwalba, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. Kunu da koko ba abincinsa ba ne, sai su sa shi zawo.

Yanzu sai maganar wutsiya. Waɗansunmu sun ga hoton tumakin Ingila da na Ostiraliya da guntun bindi, suna tambaya ko mu ma mu yi haka. A can, makiyaya su kan sa wa ɗan tunkiya zoben roba a wutsiya. Jini ya daina zuwa, cikin 'yan makonni sai wutsiyar ta bushe ta faɗi. Waɗansu da ƙarfe mai zafi su ke yankewa. Suna da dalilinsu. Tumakinsu masu ulu ne. Kashi ya kan manne a ulun wutsiya, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga cin naman dabba da ranta. Duk da haka abin yana da zafi, shi ya sa aka yi masa doka. A Ingila ba a yarda a sa zoben ba in ɗan ya wuce kwana 7, kuma dole a bar abin da zai rufe duburarsa.

Namu tumakin, 'Yanƙasa da Uda da Balami, gashi gare su, ba ulu ba. Wutsiyarsu siririya ce, kashi ba ya zama a kanta. In mun yanke, mun buɗe ciwo a banza, ƙuda da tetanas su samu hanya. Ga kuma hasarar kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun ce ragon da aka yanke sulusin wutsiyarsa ba ya yin layya. Mutum ya yi shekara yana zuba dusa, ranar kasuwar Babbar Salla mai saye ya ɗaga bindi ya wuce! Mu bar musu wutsiyarsu. In ɗa ya yi zawo ya ɓata bayansa, ruwan ɗumi da sabulu sun isa, sa'an nan a nemi dalilin zawon.

In ya yi mako 2 zai fara tsinkar ciyawa. Mu ajiye masa harawa mai laushi da ruwa mai tsabta a inda manya ba za su kai ba. Kwano marar zurfi ya fi, don kada ya faɗa ciki. Da damina mu riƙa kwashe kashin turke, mu duba kaska a kunne da gindin wutsiya. Wanda ya rame, cikin fatar idonsa ya yi fari, mai yiwuwa tsutsar ciki ce, sai a kai wa malamin dabbobi.

Ana yaye shi yana da wata 3 ko 4. Wajen lokacin nan ne kuma ƙarfin dakashi ya ke ƙarewa, sai a yi masa allurar rigakafin annobar tumaki da awaki, wadda likitoci ke kira PPR. Ana yin maganin allurar a Vom, kusa da Jos. In mun ji masu allura sun zo gari, mu kai garken duka, har da awaki.