Shawara Ga Mai Son Karatun Littattafan Magabata

Ya kai ɗan'uwa mai neman ilmi, idan Allah ya hore maka sha'awar littattafan da aka buga tun ba a haife ka ba, to shawarata ka fara da waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, musamman Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin gajeru ne, kuma Hausarsu tatacciya ce.

Kada ka yi musu karatun gaggawa irin na jarida. Zauna bayan sallar isha'i, ka karanta 'yan shafuka a bayyane, ko da kai kaɗai ne, saboda mawallafan nan sun tashi cikin tatsuniya da karatun zaure, kunne ne alƙalin jimlolinsu. Kalmar da ta shige maka duhu, kamar sunan kayan doki ko na sarauta, rubuta ta ka kai wa dattijo; in babu shi, nemi ƙamus ɗin Bargery na 1934.

Shaihu Umar kuwa sai da haƙuri. Labarin uwar da ta fita neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi yana da ɗaci ƙwarai, amma mawallafinsa ya riski mutanen da suka ga wancan zamani da idonsu, ni'imar da ni da kai ba mu samu ba. Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, ka jinkirta ta sai harshenka ya saba.