Darasin Kimiyya: Ciwon Suga da Tantanin Gani

Ɗalibai, yau za mu leƙa can cikin ido, inda tantanin gani yake manne da bangon baya. A kansa haske ke sauka, ƙwayoyinsa su mayar da hasken saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri mai suna makula, da shi muke karatu, da shi muke shaida fuskar mutum. Ku riƙe wannan tun yanzu: yanar ido ana cire ta gani ya dawo, amma abin da ya mutu a tantanin nan ba ya farfaɗowa.

Cututtukansa suna da yawa, sai mu ɗauki na ciwon suga. Idan suga ya daɗe yana hawa, ƙananan jijiyoyin jinin tantanin sai su raunana. Wasu su riƙa yoyo har makula ta kumbura, wasu su toshe. Wurin da jini ya daina kaiwa sai ya fitar da sinadarin VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Da jin haka za ku ce ai an samu gyara. Ina! Sababbin ba su da ƙwari. Sukan fashe, jini ya gauraya da ruwan nan mai kauri da ya cika ido, tabon da suka bari kuma ya janye tantanin daga mazauninsa. Ɓarnar takan yi nisa mutum bai ji ko ƙaiƙayi ba.

To, yaya likita ke ganowa? Yakan ɗiga maganin da ke buɗe baƙin tsakiyar ido, sannan ya haska ciki. Yana amfani da irin na'urar da Hermann von Helmholtz ya fito da ita a Jamus a 1851. A yau ana ɗaukar hoton tantanin, na'urar OCT kuma tana auna kumburin makula. Wani lokaci akan yi allurar rini a hannu don a ga inda ke yoyo.

Magani yana farawa da daidaita suga da hawan jini. Idan makula ta kumbura, ana yin allura a cikin idon kansa, irin su Avastin, don kashe kaifin VEGF, kuma ba sau ɗaya ba ce. Leza tana ƙona gefen tantanin da jini bai kai wa ba, domin a tsirar da tsakiya. Jinin da ya ƙi washewa, ko tantanin da ya ɓare, sai tiyata a manyan asibitoci kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wanda aka gano yana da suga da girmansa, a duba masa ido nan take, sannan duk shekara, ko da yana ganin zare a kafar allura. Masu sikila ma, musamman nau'in SC, suna bukatar wannan dubawar.

Aikin gida: ku zana ido, ku nuna makula da jijiyar gani.