Kaduna da Kasuwarta

Kaduna gari ne a bakin babban kogi. Kogin nan ya taso daga duwatsun Jos, ya yi ta gangarawa har ya faɗa Kwara. A da yana cike da kadduna, daga nan ne kogin da garin suka sami suna.

Garin ba tsoho ba ne kamar Kano ko Zariya, ba shi kuwa da ganuwa. Gbagyi ne ke noma a wurin tun asali. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1911, sai suka ga wurin yana da ruwa da sarari. A 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru, aka kawo ta nan. Sai ma'aikata da sojoji da fatake suka yi ta tahowa, kasuwa ta kafu.

Babbar kasuwar tana arewa da kogin, a gefen titin Ahmadu Bello. Yau ana kiranta Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. A nan hatsin arewa yake haɗuwa da goro da manjan kudu, da cittar Kaciya.

Kogin nan shi ke shayar da garin, amma da damina yakan yi ambaliya ya ci gidaje. Saboda haka, yara, kada ku zuba shara a magudanar ruwa.

Tambayoyi
1. Daga ina Kaduna ta sami sunanta?
2. Me ya faru a 1917?